Kaspar na Farko

"Mama, in jaririn ya zo aka sa masa Kaspar, wancan Kaspar ɗin na maƙabarta wa za a riƙa ce masa?"

Tessa na tsaye a kicin tana feraye tuffa lokacin da Minna ta jefo mata tambayar. Wuƙar ta tsaya cak a hannunta. Yarinyar shekararta shida, tana zaune a kan tebur tana kaɗa ƙafafu, bakinta duk man gyaɗa, kuma amsa take jira tsakaninta da Allah.

"Wa ya ce miki Kaspar za a sa masa?"

"Goggo Orpha. Ta ce Baba ma ya yarda."

"Sauko daga kan teburin nan, ba kujera ba ce. Je ki wanke bakinki."

Minna ta diro ta wuce. Tessa ta ajiye wuƙar, ta dafa bakin wurin wanke-wanke da hannu biyu, ta daɗe a haka.

Kaspar ɗanta ne. Bara waccan ta haife shi, cikin sanyin Fabrairu, zuciyarsa ta zo da huji. Ya yi mako goma sha ɗaya a duniya, aka shiga da shi tiyata, bai farka ba. Yanzu ga ta da cikin wata bakwai, likita ya ce namiji ne, kuma ashe har an gama raɗa masa suna a bayan idonta.

Da rana mijinta Glenn ya shigo daga garken shanu cin abinci. Ta bari sai da ya cire takalmansa ya zauna.

"Ashe kun gama magana kai da Goggo."

Bai tambaye ta wace magana ba. Ya juya cokali a cikin miya.

"Tess, ina ta neman yadda zan faɗa miki. Haka gidan Kerschner ke yi tun zuwanmu ƙasar nan. In yaro ya rasu, mai bi masa shi ke ɗaukar sunan."

"Ni ba gidan Kerschner na tambaya ba, kai na tambaya."

Ya ajiye cokalin. Sai ya ce, "Ba don al'ada ba ne. So nake wata rana in tsaya a ƙofar garke in ƙwala kiran sunan nan, wani ya amsa. Sau ɗaya ma ban samu na kira shi da ƙarfi ba. A asibiti raɗa ake yi."

Ta tura masa burodi kawai. Ba ta ce ta yarda ba, ba ta ce ta ƙi ba.

Ranar Lahadi bayan an tashi daga coci ta ja hannun Minna suka zaga baya, kamar yadda suka saba. Kabarin ɗanta na can ƙarshe kusa da shinge, dutsen fari ne ƙarami, bai kai gwiwa ba. Suka cire ciyawa, suka sauya furen da ya bushe. A hanyar dawowa suka ratsa ta tsofaffin layuka, inda duwatsun jajaye ne, rubutun kuma na Jamusanci. Nan suka tarar da Goggo Orpha, yayar mahaifin Glenn, tsohuwa mai shekara tamanin da ɗaya, ta dogara sanda tana kankare gansakuka daga dutsen kakan kakanni da ɗan buroshi.

Babu ɗan gidan Kerschner da bai san mai wannan dutsen ba. Shi ne Johann Kaspar, jaririn teku. An haife shi a wani ƙauye a bakin kogin Rhine na ƙasar Jamus a 1748. Yana da shekara ɗaya iyayensa suka shiga jirgin ruwa da shi, aka yi mako goma sha huɗu a teku, zazzaɓi ya kwashe yaran jirgin kaf, shi kaɗai ya sauka Filadelfiya ta Amurka da rai a bayan uwarsa. Ya girma ya sare daji, ya gina gidan dutsen da su Glenn ke ciki har yau, ya rasu yana da shekara casa'in da ɗaya. Haka yake a shafin farko na littafin zuri'a, wanda Goggo Orpha ke tattarawa ta sake bugawa duk shekara goma.

"Ga mai ciki, ga mai ciki," in ji tsohuwar. "Ki daina tsugunno haka, za ki haife mana shi a cikin kaburbura. Zo ki gaida mai sunan. Kin ga sunan nan, ƙarfi gare shi. Teku ma ta ɗanɗana ta tofar."

"Nawa bai yi ƙarfin ba, Goggo."

"Shi ya sa za a sake gwadawa, 'yar nan."

Tessa ta kawar da kai don kada ta faɗi abin da za ta yi da-na-sani, idonta ya sauka kan dutsen. Ba ta jin Jamusanci, amma lamba lamba ce. A kantin magani take aiki, ta saba duba lamba sau biyu kafin ta miƙa wa mutum kwalba. Mutanen zamanin da kuma ba sa rubuta shekaru a dunƙule, sai sun faɗi shekara da wata da kwana. Dutsen ya ce ya rasu 1839, yana da shekara tamanin da takwas, wata biyu, kwana biyar.

"Goggo, wannan ai bai kai casa'in da ɗaya ba. In aka cire tamanin da takwas, 1751 ke nan."

"Mai sassaƙar ne ya sha ya yi tatul. Kowa ya san wannan. Masu sassaƙan lokacin da giyar tuffa ake sallamarsu."

"Ya bugu har ya iya ƙirga kwana biyar?"

Goggo Orpha ta ci gaba da goge dutsen. "Ke dai kin cika bin diddigi. Ki ja yarinya ku tafi, iska ta fara kaɗawa."

Abin ya tsaya wa Tessa a rai kwana uku. Ranar Laraba ba ta da aiki, ta kai Minna makaranta, ta tuƙa mota zuwa babban garin gundumarsu, inda ƙungiyar masu adana tarihi ke da ɗakin karatu a ƙasan wani tsohon gini. Wanda ta tarar a kan tebur wani dattijo ne, Malam Lesher, tsohon malamin makaranta da ya yi ritaya ya koma karanta wa mutane rubutun kakanninsu. Ya dube ta ta saman tabarau, ya dubi cikin.

"Kin zo neman na baya ko kin kawo mana na gaba?"

"Na baya, Malam. Kerschner. Johann Kaspar."

"Johann! Kin taimaka mini ƙwarai. Mutanen nan in kika tsaya a gona kika kira Johann, maza bakwai za su waiwayo, har da doki. Duk ɗa namiji Johann ne a littafin coci, sunan tsakiya ne ake kira a gida. Zauna, zauna. Wace shekara?"

Ta faɗa masa abin da littafin zuri'a ya ce da abin da dutse ya ce. Ya daina raha. Ya fara ɗauko mata jerin sunayen waɗanda suka sauka daga jirgin a 1749. Ga sa hannun uban nan, Johann Adam Kerschner, da rubutu mai karkarwa.

"Matarsa da yaron fa?"

"Ba a rubuta su. Maza 'yan shekara sha shida zuwa sama kaɗai ake kaiwa su yi rantsuwa su sa hannu. Mata da yara suna jira a jirgi tare da akwatuna."

Daga nan ya ɗora fim ɗin da aka ɗauki hoton littafin baftisma na cocinsu, ya riƙa murza na'ura, shafuka na wucewa a kan allo. Rubutun a idon Tessa kamar an tsoma ƙaya a tawada an ja. Ya wuce 1750. Ya tsaya. Ya matsa da fuskarsa har hancinsa na neman taɓa allon, ya bi layin da yatsa, leɓɓansa na motsi.

"Ga shi. Oktoba 1751. An yi wa Johann Kaspar baftisma, ɗan Johann Adam da matarsa Maria Salome. A nan aka haife shi, ba a Jamus ba. Mai sassaƙarku bai sha komai ba."

"To na 1748 ɗin fa?"

"Bari. Faston ya ƙara wani abu a gefe." Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Da ya sake magana muryarsa ta yi ƙasa. "Ya ce, an sa masa sunan wansa, wanda ya rasu a jirgi."

Tessa ta ji jaririn cikinta ya motsa. Ta ɗora hannu a wurin.

"Ke nan bai sauka ba."

"Bai sauka ba."

"Ina aka binne shi?"

Malam Lesher ya mayar da idonsa kan allon, ita ma ta gane, ba ta sake tambaya ba.

"Wannan ba sabon abu ba ne," in ji shi. "Kusan duk wata sai na ci karo da irinsa. Wani jika ya samo takardar haihuwa daga Jamus, ya samo dutsen kabari a nan, suna ɗaya, iyaye ɗaya, ya manna su. Sai ki ga mutum ɗaya da ranar haihuwar wansa da ranar mutuwar kansa. In buga miki shafin?"

"Buga mini biyu."

A mota ta zauna ba ta tada injin ba. Ba yaron ne ya fara zuwa mata a rai ba, uwar ce. Maria Salome, wadda ko sunanta ba a rubuta a jerin jirgi ba. Ta sauka hannu wofi. Ta yi shekara biyu, ta sake haihuwa, ta buɗe baki ta sa wa na biyun sunan na farkon don kada ya ɓata. Har ta tsaya ta sa fasto ya rubuta a gefen shafi. Duk abin da uwa za ta iya ta yi. Tessa ta kifa kai a kan sitiyari ta yi kukan da ta kwana biyu ba ta yi ba, sannan ta share fuska, don ƙarfe uku ake tashin su Minna.

Ba ta nuna wa Glenn ba a ranar. Ta san in ta nuna masa a gida zai ce makami ta je ta samo.

Asabar ta biyu ta Oktoba ita ce ranar tuƙin tuffa, ranar da ake dafa tuffa ana tuƙawa har ta zama abin shafa wa burodi. Dangi suka cika tsakar gidan tun safe, aka ɗora ƙatuwar tukunyar tagulla a kan wuta, maza na karɓa-karɓa da doguwar muciya, mata na wanke kwalabe, yara na guje-guje tsakanin motoci. In tuffar ta yi kauri ta yi duhu, a nan ne Goggo Orpha kan zauna a kujerarta ta ba da labarin jaririn teku. Tessa ba ta da niyyar kunyata tsohuwa a gaban jama'a. Kafin lokacin ta same ta a ƙaramin kicin na waje tana jera murafan kwalabe, ta leƙa ta yafito Glenn, ta rufe ƙofa.

"Lafiya? Naƙuda ce?" in ji Goggo.

"Lafiya lau. Duba wannan."

Ta shimfiɗa takardar a kan tebur, ta faɗi abin da Malam Lesher ya karanta, kalma da kalma. Glenn ya ɗauki takardar yana jujjuyawa kamar zai iya karantawa. Goggo Orpha kuwa ko kallonta ba ta yi ba. Ta ci gaba da jera murafai.

"Na san shafin nan," ta ce. "Tun kafin a haife ki na gan shi."

"Goggo!" in ji Glenn.

"Kada ka yi mini Goggo. Lokacin babana na kwance, kakanka ke nan, ciwo ya cinye shi saura ƙashi. Labarin nan shi ya raine mu da shi. In farashin nono ya faɗi a kasuwa, in fari ya ƙone masara, sai ya ce mu jinin wanda teku ta kasa ne. In je bakin gadonsa in ce masa, Baba, yaron nan fa ya mutu, an naɗe shi a tsumma an jefa ruwa? Ku za ku iya?"

"Bayan ya rasu fa?" in ji Tessa.

"Bayan ya rasu an riga an buga. Mutum ɗari huɗu na da littafin nan, har jihar Ohayo, har ta Kansas. Kuma me zai ƙara wa yaron? Ba ji yake ba."

"Uwarsa ta san guda nawa ta haifa."

"Uwarsa ta koma ƙasa shekara ɗari biyu ke nan, 'yar nan."

Tessa ta ja kujera ta zauna, don bayanta ya fara riƙewa. Ta san sabon bugun littafin zai tafi maɗaba'a a Janairu, ta kuma san tsohuwar ba ta rabo da takardun, suna cikin jakar saƙarta duk inda ta je.

"Goggo, nuna mana shafinmu."

"Ban gama shi ba."

"Yadda yake."

Tsohuwar ta dubi Glenn kamar zai cece ta. Shi ma jakar ya zuba wa ido. Ta buɗe jaka a hankali, ta lalubo takardar, ta ajiye. Tessa ba ta ɗauka ba, ta tura wa mijinta.

Sunansa ne a sama, da nata. A ƙasa layi biyu. Minna, da ranar haihuwarta. Sai Kaspar, an bar gurbin ranar haihuwa fari, da ɗan rubutun fensir a gefe: Disamba.

Glenn ya karanta. Ya juya bayan takardar ya duba, babu komai. Ya sake juyowa.

"Ina ɗana?"

"Ga shi nan mana."

"Wannan ba a haife shi ba tukuna. Ina wanda na binne?"

Goggo Orpha ta sunkuyar da kai. "Na ga kamar zai fi muku sauƙi. Duk sanda kuka buɗe littafi ku ga ranaku biyu kusa da juna haka? Mako goma sha ɗaya? Ni tausayinku na ji, Glenn. Allah ya sani ba mugunta ba ce."

"Ni kaɗai na ɗauki akwatinsa daga mota zuwa bakin kabari, Goggo. Ba a nemi mutum na biyu ba. Kina wurin."

"Ina wurin."

"To ki rubuta shi. Da ranakun biyu."

Ta ɗauki fensir, ya suɓuce ya faɗi ƙasa. Tessa ce ta sunkuya da ƙyar ta ɗauko mata. A waje wani ya ƙwala kira, wai muciya ta zo kan Glenn, ya daina ɓuya cikin mata.

"Sabon fa?" in ji tsohuwar, ba ta ɗago ba. "Me zan rubuta?"

Glenn ya tsaya da hannunsa a kan ƙofa. Tessa ta so ta tashi ta riƙe shi, ta san in ta taɓa shi a lokacin zai rushe a gaban dangi, sai ta zauna inda take.

"Ki bar wurin," ya ce. "Ba Kaspar ba ne."

Ya fita ya karɓi muciya. Ya yi tuƙin da ya fi na kowa daɗewa a ranar, sau biyu ana miƙo hannu yana ƙin saki. Da yamma Goggo Orpha ta ce maƙogwaronta na ciwo, ba a ba da labari ba bana. Yara suka yi ƙorafi kaɗan, aka raba musu burodi da tuffa mai ɗumi, suka manta.

Glenn ya yi kusan mako biyu magana ba ta haɗa su ba sai ta shanu da ta makarantar Minna. Ba fushi yake yi ba, Tessa ta sani. Ta samu abin da take so, ba ta ji daɗin komai ba. Ita ta ƙwace masa ɗan abin da ya rage yana jira, kuma ko yau aka maimaita haka za ta yi.

An haifi yaron ranar tara ga Disamba, lafiyayye, mai kuka kamar ana yanka shi. Suka sa masa Emil, sunan da ba na kowa ba ne a dangin.

Littafin ya fito da bazara. Tessa ta buɗe shafinsu tun a bakin akwatin wasiƙu. Layi uku: Minna, Kaspar da ranakunsa biyu, Emil. Sai ta koma shafin farko. Jaririn teku na nan yadda yake, an haife shi 1748, ya rasu 1839. Ta kira Goggo Orpha a waya.

"Naki na rubuta," in ji tsohuwar. "Wancan ki bar ni. Na tsufa da zama wadda za ta nutsar da shi a gaban mutum ɗari huɗu. In na mutu jakar taki ce, ki yi yadda kika ga dama."

Tessa ta ɗauko biro ta zauna, Emil na kafaɗarta. A gefen shafin farko na littafin gidansu ta rubuta: Johann Kaspar, ɗan Maria Salome, an haife shi 1748. Ta zo wurin ranar rasuwa, babu rana, babu wata, babu wuri. Ta rubuta "a jirgi", ta rufe.

Kai da kake bin sawun kakanninka a tsofaffin littattafan coci da duwatsun maƙabarta, ka ji da kyau. Ranar da ka ga shekarun wani sun ƙi haɗuwa, biyu ko uku sun yi rara, kada ka daidaita su don shafinka ya yi kyau, kada kuma ka kwafi abin da wani ya riga ya daidaita. Koma baya ka duba baftisma ɗaya bayan ɗaya. Mai yiwuwa akwai yaro a wurin, kuma in ka haɗe shi da ƙanensa, babu wanda zai sake nemansa.